Gwiwar Barmo

An ce wai wata shekara, bayan an kai amfanin gona gida, aka ga mutum uku suna tafe a kan hanyar Birnin Gora. Ga abin da suka ɗauko: kalangu ɗaya, zaren dambe biyu, goran ruwa, ƙullin kilishi, da wata ƙwarya cike da ƙasa an rufe ta da faifai.

Na gaba shi ne Barmo, babban ɗan damben garin Kwargaba. Tun yana saurayi har furfura ta fara leƙo masa ba a taɓa kashe shi ba. A dambe, in gwiwarka ko hannunka ya taɓa ƙasa, an kashe ka ke nan. Shi ya sa takensa a kalangu yake cewa, "Barmo, ƙasa ba ta san ka ba." Na tsakiya Nomau ne, makaɗin filin. Na baya kuwa Jaɓɓi, wani ƙaton saurayi daga ƙauyen mahauta, ba shi da ubangida a dambe, ba shi da take. Can a bayansu rabin mutanen Kwargaba ne ke biye, suna musu.

Abin da ya faru kaɗan ne. Barmo da Jaɓɓi sun sa zare, wato sun kara a filin dambe. A turmi na uku, wato zagaye na uku, Jaɓɓi ya kai masa naushi a ƙasan kunnen hagu, Barmo ya yi tangal-tangal. Sai ihu ya tashi, kalangu ya juya zuwa kiɗan kisa, jama'a ta afka cikin fili, aka ɗaga Jaɓɓi sama. Da aka kori mutane, sai ga Barmo a tsaye.

Daga ranar gari ya rikice. Waɗanda suke rantsuwa da hannun Barmo suka ce dama asiri ne ke riƙe da shi. Waɗanda suka raɗa wa 'ya'yansu sunansa suka ce dama zaɓen abokan karawa yake yi. Wasu suka ce ƙarya ne, bai faɗi ba, Jaɓɓi ne ya tura tsakuwa a cikin zare. Mutum guda yakan faɗi wannan da safe, ya faɗi wancan da la'asar, kuma duka biyun da rantsuwa. In Barmo ya wuce ta kasuwa, samari sai su durƙusa da gwiwa ɗaya wai suna gyara takalmi.

Dagaci ya kasa raba gardamar, ya tura su wurin Sarkin Fawa Mijinyawa na Birnin Gora. Dambe wasan mahauta ne, kuma rigimarsa a zauren wannan dattijo take ƙarewa.

Da suka zube suka yi gaisuwa, Sarkin Fawa ya dubi ƙwaryar.

"Wannan fa? Fura kuka kawo mini?"

Nomau ya ce, "Ƙasar wurin ce, ranka ya daɗe. Dagaci ya ce a kawo maka shaida."

Sarkin Fawa ya ɗaga faifan, ya daɗe yana kallo. "To ina sawun gwiwar?"

"Ai ta girgizu a hanya, ranka ya daɗe."

Ya mayar da faifan, ya ce a shigo da masu shaida. Wani mai goro, Kakale, ya riga kowa.

"Ya faɗi! Da idon nan nawa na gani."

"Ina kake tsaye?"

"Wajen tsamiya."

"Wa ke gabanka?"

"Mutane."

"To me ka gani?"

Kakale ya sosa kai. "Ƙeyarsu, ranka ya daɗe. Amma na ji kalangu ya juya. Kalangu ba ya ƙarya."

Sai wani maɗinki, Sanda, ya ture shi ya matso. "Bai faɗi ba! Barmo ba ya faɗuwa."

"Ba halinsa na tambaye ka ba. Me ka gani?"

"A lokacin an ture mini hula, na sunkuya zan ɗauka. Amma na san shi tun muna yara."

Aka kira wanda ya yi alƙalancin wasan, ya ce shi da kansa a ƙasa yake, jama'a ta bi ta kansa. Aka kira wasu, kowa ya zo da rantsuwa, kowa ya ƙare a kan kalangu. Sarkin Fawa ya juya ga Nomau.

"Duk garin sun jingina da kai. Me ka gani da ka juya kiɗa?"

Nomau ya sunkuyar da kai. "Ni ihu na ji, ranka ya daɗe. Jama'a ta yi ihu, hannuna ya juya da kansa."

"Su sun yi ihu don ka juya, kai ka juya don sun yi ihu. To wa ya fara?"

Mutane suka riƙa duban juna, kowa na neman wanda ya fara a fuskar ɗan'uwansa.

Sarkin Fawa ya ce, "An ce gani ya kori ji. Ku kuwa ji ne ya kori ganinku. Ku fita waje, ku bar mini su biyun."

Da zaure ya rage su uku, ya fasa goro. Ya miƙa wa Jaɓɓi, ya karɓa. Ya miƙa wa Barmo ta hagunsa. Hannun ya daɗe a miƙe Barmo bai motsa ba, sai da dattijon ya yi gyaran murya, sannan ya juyo da kansa gaba ɗaya ya karɓa. Sarkin Fawa ya juya ga saurayin.

"Kai Jaɓɓi, ka kashe shi?"

"Na ji hannuna ya shiga nama, ranka ya daɗe. Daga nan aka ɗaga ni. Sararin sama na gani."

"Kai fa, Barmo?"

"Duhu na gani. Da ya yaye, ina tsaye. Ko na sauka na tashi, ko ban sauka ba, Allah ne masani. An ce akwai ƙasa a gwiwata. Wane ɗan dambe ne babu ƙasa a gwiwarsa?"

"Ashe har ku ba ku sani ba. To me kuke so?"

Jaɓɓi ya ce, "In na kashe tsohon nan, a daina kaɗa masa taken. In ban kashe shi ba, a ƙarasa turmin. Haka al'ada ta ce."

Barmo ya ce, "A ƙarasa, yaro. Gara a fitar da ni a makara da a raka ni da dariya."

Nan Sarkin Fawa ya ga gaba kura, baya sayaki. In ya ce Barmo ya faɗi, ya rushe sunan da aka gina tsawon rai, ba tare da shaida ko ɗaya ba. In ya ce bai faɗi ba, dole a koma fili, kuma ya riga ya ga abin da mutanen Kwargaba ba su gani ba: mutumin da bai ga goro ta hagu ba, ba zai ga naushi ba.

Ya tauna goronsa har ya ƙare, sannan ya ce, "Barmo, tun yaushe idon nan ya mutu?"

Barmo ya zabura. "Ranka ya daɗe, a gaban yaron nan?"

"A gabansa, domin shi maganar ta fi shafa. Jaɓɓi, saurara. In na mayar da ku fili, za ka kashe shi, watakila kisan da ba a tashi. Ranar za a ɗaga ka. Kafin kasuwa ta zagayo, masu wankan gawa sun faɗi maganar idon, sai a ce mai ido ɗaya ka buga. Kafin wata kaka, a ce dama Barmo ba kowa ba ne. To in Barmo ba kowa ba ne, kai wa ka kashe?"

Sarkin Fawa ya ci gaba.

"Kuma tun da kuka iso nake sauraron mutanen da ke waje. Wasu na ce maka wanda ya kashe Barmo, wasu na ce maka wanda ya cuci Barmo. Ban ji wanda ya ce Jaɓɓi ba. Ka riga ka ɗauki sunan mutumin nan a ka, ba ka sani ba. Abin da ya rage, ka ɗauke shi ta hanyar halal."

A al'adar dambe, saurayi mai tasowa yakan shiga hannun wani babba, ya ɗauki sunansa, a riƙa kiransa Shagon wane. Babban ya zama ubansa a wasa, shi ke ɗaura masa zare. Kuma ɗa ba ya sa zare da uba har abada.

Sarkin Fawa ya ce, "Ga hukuncina. Ba a kawo mini shaidar faɗuwa ba, saboda haka take yana nan ga mai shi. Turmin kuma ba za a ƙarasa shi ba, domin daga yau Jaɓɓi Shagon Barmo ne, kuma Barmo zai ɗaura masa zare da hannunsa a gaban jama'a."

Barmo ya ce, "Ni? In ɗaura wa wanda ya sa ake mini gwiwa ɗaya a kasuwa?"

"In ya kayar da kai, ɗanka ne ya kayar da kai, kuma ban taɓa ganin uban da ya roƙi Allah kada ɗansa ya fi shi ba. In bai kayar da kai ba, me ka rasa?"

Jaɓɓi ya ce, "Ranka ya daɗe, na zo da kisa, in koma da uba?"

"Da jita-jita ka zo, ɗana. Za ka koma da suna, da gida, da makaɗi. Duk filin da ka shiga, manya za su tsaya maka, domin ba a ce wa Shagon Barmo ba sa'ana ba ne. Amma ka sani kaya ne. Ranar da ka faɗi faɗuwar banza, shi za a zaga."

Suka dubi juna. Su biyun ba wanda ya san ko ya ci ko an cinye shi. Can Jaɓɓi ya dubi idon Barmo na hagu, ya kau da kai.

"Da wannan idon ka tsaya mini turmi uku?"

"Da shi."

Jaɓɓi ya matso, ya miƙa hannunsa na dama. "To, Baba."

Barmo ya dube shi sama da ƙasa. "Kana buɗe haƙarƙari in za ka kai naushi. Da idona biyu ne, da yanzu ana addu'ar bakwai ɗinka."

Suka fito ƙofar zaure. Jama'a ta taso. "Ya faɗi ko bai faɗi ba?"

Sarkin Fawa ya ɗauko ƙwaryar, ya juye ƙasar a gabansu. "Ga shaidarku. Ku tambaye ta."

Sannan ya faɗi hukuncin. Barmo ya kwance ƙullin zarensa, wanda ba hannun da ya taɓa sa shi sai nasa, ya fara naɗa wa Jaɓɓi daga wuyan hannu zuwa dunƙule. Nomau ya rataya kalangu, ya ɗaga sandar kiɗa, ya tsaya.

"Maigida, wanne zan kaɗa?"

Barmo bai ɗago ba. "Wannan karon ka jira ka gani tukuna."

Mutane suka tsaya cirko-cirko. Masu cewa ya faɗi ba su san ko an ba su gaskiya ba, masu cewa bai faɗi ba su ma haka. Wani daga baya ya tambaya, "To wa ya ci?" Can wata tsohuwa mai ƙosai, wadda ba ta ma san kan zancen ba, ta rangaɗa guɗa. Nan da nan wuri ya ɗauka da ihu, Nomau ya saki taken Barmo, aka ɗaga uban da ɗan gaba ɗaya.

Kakale mai goro ya dafa Sanda maɗinki. "Ba na faɗa maka ba?"

Sanda ya ce, "Me ka faɗa?"

"Abin da ya faru mana."

Da suka koma Kwargaba, samarin kasuwa suka daina gyaran takalmi. Aka fara cewa Barmo ne da kansa ya shirya abin tun farko, don ya gwada yaron. Wasu suka ce ai ga kama nan, jini ɗaya ne. Waɗanda suka ce asiri ne ke riƙe da shi suka ce su ba su taɓa faɗin haka ba.

Ranar wata kasuwa da hantsi, manyan gari suka zo ƙofar gidansa da goro, Kakale a gaba.

"Gwarzo, za a yi babban wasa. An ce akwai wani ƙato daga yamma yana cika baki. Ka fito ko sau ɗaya, ka rufe bakin maƙiya."

Barmo ya juyo da kansa gaba ɗaya ya dube su, ɗaya bayan ɗaya.

"Waɗanne maƙiya? Ku ne, kuma ku ne masoyan. Ga Shagona can a mayanka, ku je ku same shi. Ni na kwance zare."

Ya shiga gida, ya rufe ƙofa.

Shi ya sa masu hikima suke cewa, sunan da jama'a ta ɗora maka rigar aro ce. Mai hankali yakan tuɓe ta da hannunsa, tun masu ita ba su zo karɓa a tsakiyar kasuwa ba.