Minti Ashirin na Malam Gambo

Ku matso ku ji wannan, don ni na kasa yanke hukunci.

Malam Gambo tela ne a wani ƙauye kusa da Maigatari. Huhunsa ya lalace, har ya zama ba ya rayuwa sai da injin numfashi. In aka ɗauke wuta, kafin a tayar da janareta akan ci minti goma, shi kuwa ba ya iya jure biyar. 'Ya'yansa uku suka tashi tsaye.

Barira, babbarsu, injiniya ce a birni. Ta samo wani rumbun lantarki da ake kira sufakafasita, mai cika nan take, ya saki wuta nan take. Ta kwaikwayi aikinsa a kwamfuta, lissafi ya ce zai riƙe injin minti ashirin har shekara biyar. Sai dai ma'aunin zafin da ta sa a lissafin na takardar masana'anta ne, digiri ashirin da biyar, zafin ofis mai fanka. Ta manta bazarar garinsu. Shi kuwa wannan abu, zafi na tsiyayar da cajinsa, yana kuma tsofar da shi da wuri.

Mudassir maƙerin walda ne. Shi ya haɗa wayoyin, ba kuskure ko ɗaya. Don tsoron ruwa da ɓera ya ƙera wa rumbun akwatin ƙarfe, ya toshe ko'ina, ya kafe shi dab da rufin kwano.

Tasi'u, autansu, ya bar gonarsa ya zauna jinya. Shi ke tayar da janareta, shi ya lura minti ashirin ɗin sun koma sha biyar, sun koma sha biyu. Kullum da azahar yana lulluɓe akwatin da jiƙaƙƙen buhu. In Barira ta bugo waya sai ya ce, "Lafiya lau, Yaya." Yana jin nauyin ce wa yayarsa lissafinta bai yi ba.

A haka tsohon ya samu wata goma sha huɗu, har ya ga auren jikarsa. Da babu ɗaya cikin ukun nan, da ko mako bai yi ba.

Wata Laraba, rana na dukan kwano, aka ɗauke wuta. Tasi'u yana tsaka da jan igiyar janareta injin numfashin ya yi shiru, a minti na huɗu. Da ya shigo, Malam Gambo yana kallon akwatin, ya riga ya rasu.

Shekara biyu ke nan. Barira ta bar aiki, Mudassir bai sake taɓa wayar lantarki ba, Tasi'u har yau ba ya iya zama a ɗaki da azahar. Ba sa haɗa ido. Abin yana ci mini rai. Uwarsu ta tsufa, kuma abu ɗaya take roƙo: kafin ta mutu, ɗaya ya fara zuwa ya nemi gafarar sauran.

To, ku faɗa mini, wane ne a cikinsu ya kamata ya fara durƙusawa?