Akwatin Mujallun Baba Seidu

Akwai wani tsohon tela a unguwar Nima, ana ce masa Baba Seidu. Tun yana saurayi yake tara tsofaffin mujallu, irin waɗanda ake zana bangonsu da hannu: makaɗa da ƙahonninsu na busa, 'yan dambe, mata da ɗaurin kallabi kamar zai taɓo sama.

A da, shi da amininsa Jibirilu sukan taka har layin 'yan kasuwa na Zongo Lane, su tsugunna gaban masu baza tsofaffin takardu, su yi ta zaɓe. Jibirilu ya daɗe da bari. Shi kuwa Seidu sai da ya cika akwatin ƙarfe, ya tura ƙarƙashin gado, ko 'ya'yansa bai yarda su taɓa ba.

Wata rana Ƙaltume, matar Jibirilu, ta zo daga unguwarsu ta Maamobi. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama mijinta ya daina magana, sai dai ya zuba wa bango ido. Ta roƙi aron 'yan mujallu, ko ganinsu zai sanyaya masa rai.

Seidu ya ce takardun sun tsufa, ba sa son hannu. Ta yi godiya ta tafi.

Ranar nan ko zare ya kasa zura wa allura. Washegari ya zaɓo waɗanda ya fi ƙauna, ya naɗe a ƙyalle, ya kai da kansa.

Jibirilu ya daɗe yana kallon zanen wata motar katako maƙil da fasinjoji. Can ya ɗora yatsa a kai, da ƙyar ya ce, "Kumasi."

Irinta suka taɓa shiga za su Kumasi suna samari, ta mutu a hanya, suka yi ta turi har takalmin Seidu ya tsinke. Tsofaffin nan suka yi ta dariya, Ƙaltume ta juya baya tana share ido. Seidu ya bar mujallun a nan.

Da damina ta kankama, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kwata ta cika, ruwa ya shigo ɗakuna. Ko da Seidu ya buɗe akwatinsa, takardu sun manne, zane ya narke.

Da Ƙaltume ta ji labari, ta naɗo na wajensu ta kawo. "Malam Seidu, ga amanarka. Su kaɗai suka rage maka."

Ya shafa ƙyallen, bai kwance ba. "Mayar masa, Ƙaltume. Da na sani, da akwatin gaba ɗaya na kai. In ina son gani, ai na san hanyar gidan."

Yanzu duk Juma'a in an sauko masallaci, can zai nufa. Shi ya buɗe shafi, Jibirilu ya nuna da yatsa.

Darasi: Abin da ka ɓoye ruwa na iya cinyewa, abin da ka bayar shi ne naka. Ku tura wa wani tsohon amini da kuka daɗe ba ku leƙa ba.