Gaurakan da Mitsue Ta Ƙi Gwadawa

Akwai wata mata a ajinmu na ranar Talata a Kurashiki, sunanta Mitsue. Mutanen wannan shafi, yau labarinta zan ba ku, don wallahi ya tsaya min a wuya.

Aji ne na masu koyon aikin lakar roba, wadda ake murzawa, a siffanta, sannan a gasa. Mu shida ne, duk sabbin shiga, a hannun Malama Ogata.

Dokar Malama guda ɗaya ce. Duk abin da za ka gasa, ka sa ɗan siririn yanki na gwaji a gefensa. In ya huce ka lanƙwasa shi. In ya tanƙwaru bai karye ba, aiki ya gasu. In ya ɓalle, to da saura, komai kyan da ya yi a ido.

Ita Mitsue shekara ashirin da shida ta yi tana siffanta alewar wake a shagon kayan zaƙi. Hannu kam Allah ya ba ta, ba na hana ta wannan. Ranar farko muna ta fama da ɗan dunƙule, ita har ta fitar da fure mai ganye biyar. Sai dai baki. Kai, matar nan akwai baki!

Ta leƙa aikin Baba Hatano, tsohon ma'aikacin gidan waya da ke zama kusa da ni, ta ce, "Baba, wannan kifi ne ko takalmi?"

Ya ce, "Kyanwa ce."

Ta ce, "Ayya. Mota ce ta taka ta?"

Ba sha'awa ce ta kawo ta ajin ba. 'Yarta ɗaya tilo, Chinatsu, za ta yi aure bayan wata biyu, ita kuma ta ɗau alwashin yin matashin tsinken cin abinci, wato ɗan abin da ake jingina tsinken a kansa a tebur, ga duk wanda aka gayyata, mutum saba'in da biyu. Kowanne gauraka biyu ne farare, sun haɗa wuya, tsinke ya kwanta a tsakaninsu.

Chinatsu ta taɓa zuwa ɗaukar ta, a gabanmu ta roƙe ta. "Mama, don girman iyayenki a saya a kanti a huta. Kin san Kakar Shinpei, angon nawa. Sau uku ta sa aka ɗage rana saboda wai ba ranar sa'a ba ce a kalanda. A gidanta za mu zauna, ba na son ta sami abin kamawa tun ranar farko."

Mitsue ta ce, "Rufe min baki. Kayan kanti a bikin 'yata, ina raye?"

Gashin farko a gida, ɗan injin gasa burodinta ya babbake mata fikafikai. Ta kawo su tana ta sababi, wai lakar ce ta banza. Malama ta miƙa mata ma'aunin zafi, ta ce, "Maman Chinatsu, waɗannan injinan ƙarya suke yi. Abin da aka rubuta a jiki daban, zafin ciki daban. Ki sa wannan, ki rufe aikin da takardar gashi, ki ba shi rabin awa cif."

"Ni za a auna wa wuta? Malama, ina gaban murhu tun kina goye."

Ta koma gida ta yi dabararta. Ta rage wuta, minti goma ta sauke. Gauraka suka fito fari fat, gwanin kyau. Har ni sai da na yaba.

Malama ta ce, "Sun yi kyau. Ina na gwajin?"

"Babu."

"To ba ni guda in lanƙwasa."

Mitsue ta fizge kwalin ta rungume. "A'a! Kayan aure ne fa! A biki ko kalmar karyewa ba a furtawa, ke kuma ki ce za ki gwada karya min su? So kike ki jawo wa yarinya?"

"To ki gasa ɗan yanki daban, ba gauraka ba."

"Ba daga dunƙule ɗaya suka fito ba? Duk na biki ne."

Kun ji fa. Malama ta yi magana, na yi, Baba Hatano ya yi. Sati shida ana abu ɗaya, matar nan ta yi kunnen uwar shegu da mu. Har cewa ta yi hassada ce ke cin mu. Ni dai na ce ba zan sake ba, mako na zagayowa na sake.

Ranar biki ta zo, ta gayyaci mu uku: Malama, Baba Hatano da ni. Gauraka jere a kan tebura, kowa na sunkuyawa yana kallo. Mitsue na bakin ƙofa tana karɓar gaisuwa, kai ya kumbura.

Teburinmu yana kusa da na dangin ango, don haka a idona aka yi. Kakar Shinpei ta ɗauki nata da hannu biyu, ta kawo kusa da tabarau. Ko matsawa ba ta yi ba. Ƙas! Gauraka ɗaya a dama, ɗaya a hagu, kan guda ya gangara ƙasa.

Chinatsu na zagayen gaisuwa a lokacin. Ta durƙusa da kayan amarcinta, ta tsinci kan, ta miƙa wa tsohuwar. Kaka ta karɓa, ta zura a hannun riga. Ko loma ɗaya ba ta kai baki ba, kuma kafin a yi hoto ta sa aka mai da ita gida.

Daga nan kowa ya shiga taɓa nasa a hankali don ya gani. Ƙas a nan, ƙas a can. Kun san mutanenmu da kara. Wanda nasa ya rabu sai ya zura a aljihu ya ci gaba da murmushi. A ƙofar fita kowa ya rusuna ya ce wa Mitsue, "Kai, wannan hannu!"

Ranar Talata Mitsue ta shigo aji tana taku ɗai-ɗai.

"Ko guda ba a bari a tebur ba! Kowa ya tafi da nasa. Ina masu cewa a gwada?" Ta fito da guda ɗaya da ya yi saura ta dire gaban Malama. "Ga naki na tunawa, ki riƙa nuna wa ɗalibai."

Malama ta ce, "Biki ya wuce yanzu, ko? Lanƙwasa shi da kanki."

Mitsue ta yi dariya, ta kama, ta ɗan danna. Ƙas.

Ta ce, "Wannan ɗin ne kawai..."

Baba Hatano ya warware hankicinsa a kan tebur, ga nasa a karye. Malama ta zazzage nata daga ambulan. Ni ma na buɗe jaka na ajiye nawa, kuma ba zan ɓoye muku ba, da haushi na ajiye.

Mitsue ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Can ta ce, "Na Kaka fa?"

Na ce, "Shi ya fara."

"Ai cewa aka yi jiri ne ya kama ta."

Na girgiza kai.

Ta ce, "Chinatsu ta sani?"

Baba Hatano ya ce, "Ita ta tsince shi daga ƙasa."

Sai ta zauna. Ta ce daren bikin yarinyar ta kira ta, abin da ta ce kawai shi ne, "Na gode, Mama, sun yi kyau." Ta ce jiya ma ta tambaye ta dalilin da har yanzu suke ɗakin haya na Shinpei, ba su tare a gidan Kaka ba, yarinyar ta ce wai fenti ake yi.

Ta fita waje da waya. Ta daɗe. Da ta dawo idanunta sun yi ja, muka gane ba fenti ake yi ba. Kaka ta kulle ɗakin da ta shirya wa amarya, ta ce sai ta ga yadda shekara za ta ƙare.

Mitsue ta ja kujera kusa da Baba Hatano, ta gutsuri laka, ta murza ɗan siririn yanki, ba fure ba tsuntsu. Ta ce, "Malama, ma'aunin nan yana nan?"

Yana nan. A aljihun teburin da ta jefa shi wata biyu da suka wuce.

Darasi: Girman kai rawanin tsiya ne, kuma sau da yawa ba mai shi ke ɗaukar nauyinsa ba, na kusa da shi ne. Ƙwarewarka a wani aiki ba ta mai da kai gwani a sabo ba. Ka gwada aikinka a ɗaka kafin ya karye a hannun jama'a, kuma ka riƙe mai gaya maka gaskiya, don masu yabo a bakin ƙofa wataƙila ɓaraguzan aikinka ne a aljihunsu. Ku tura wa wanda kuka san ba ya jin bari, tun bai ji hoho ba.