Fil Guda a Ramin Kwamfuta

Akwai wani mutum, magatakardan wata ikkilisiya, wanda aka danƙa wa kwamfutar ofis, irin mai akwatin nan da ke tsaye a kan tebur. Mutum ne mai tsari. Kowace takarda yakan haɗa ta da 'yar'uwarta da fil, gwangwanin fil ɗin kuwa kullum yana bisa akwatin kwamfutar, inda hannunsa zai kai ba tare da ya duba ba.

Wata rana Afiniki, wadda ke rubuta takardun zumuntar mata, ta zo da filash ɗinta. Ta soka shi a ɗaya daga ramukan USB da ke saman akwatin, ta buga jerin waƙoƙin taronsu, ta yi godiya, ta tafi.

Kashegari da safe mutumin ya kunna kwamfutar. Allo ya haska, amma kibod bai amsa ba, maus ma bai motsa ba. Ya zare su ya mayar. Ya gwada ramukan sama, ya gwada na baya, duk shiru. Sai ya zauna ya ce a ransa, "Hannun wa ya taɓa ta a ƙarshe?" Ya tuna Afiniki. Ya tuna saurin da ta yi ta fita. Ya kuma tuna cewa bara ta taɓa yi masa gardama a taron kwamiti. Kafin rana ta take, ya gama shari'arta a zuciyarsa, shi ne mai ƙara, shi ne alƙali.

Ran Lahadi, lokacin sanarwa, ya miƙe a gaban jama'a ya ce, "Kwamfutar ikkilisiya ta lalace. Wata 'yar'uwa daga zumuntar mata ta kawo filash mai bairos, cutar nan ta kwamfuta, ta soka mata. Ba zan kira suna ba."

Bai kira suna ba, amma mace ɗaya ce ke shiga ofishin nan da filash, kowa kuwa ya sani. Kawuna suka juya. A makon nan aka karɓe littafin zumunta daga hannun Afiniki, aka ce ta ɗan huta tukuna. Wasu suka ce ganganci ne. Wasu suka ce da gangan ta yi, akwai abin da take so ta shafe.

Dattawa suka kira wani mai gyara, sunansa Gayus. Magatakarda bai yarda da shi ma ba. Ya ja kujera ya zauna daf da shi, yana ƙirga kowane noti da ya kwance.

"Baba, ɗan matsa mini in samu haske," in ji Gayus.

"Ina nan inda nake. Na san halinku, ku cire mai kyau ku sa mataccen."

Gayus ya yi dariya. "To zauna, Baba. In na sace wani abu, ai sai da shaida."

Ya gwada wani kibod da ya zo da shi, bai amsa ba. Ya buɗe akwatin, ya duba babban allon ciki wanda kome ke haɗe da shi, ya bi wayar da ta taso daga ramukan sama, ya ga tana zaune daram. Sa'an nan ya ɗauki tocila yana leƙa ramukan ɗaya bayan ɗaya. A na uku ya tsaya. Ya kashe wuta, ya zura hantsaki, ya zaro fil guda, ya ɗora a tafin hannun magatakarda.

"Ga bairos ɗinka, Baba. Ya kwanta a kan ƙarafan ciki ya haɗa su. Da allon ya ji haka sai ya yanke wa ramukan wuta gaba ɗaya, don kada ya ƙone."

"Wa ya sa shi a ciki?" in ji magatakarda, yana zare ido.

Gayus ya dubi gwangwanin fil da ke bisa akwatin, ba murfi a kansa, tazararsa da ramin ba ta kai yatsa biyu ba. Ya kunna kwamfutar, maus ya motsa.

Magatakarda ya yi kwana uku yana juya maganar. A rana ta huɗu ya bi ta bayan gidan Afiniki, ya same ta tana ba akuya dusa. Ya duba hagu ya duba dama, ya rage murya ya ce, "Maman Lois, ashe ba filash ɗinki ba ne. A bar maganar haka nan."

Ta ajiye ƙwaryar dusar ta ce, "Na ji, Baba Magatakarda. Amma a gaban mutum ɗari biyu ka faɗi waccan. Wannan kuwa ni da akuya muka ji."

Ku saurari fassarar misalin nan, 'yan'uwa, kada kowa ya leƙa maƙwabcinsa.

Ramukan nan su ne ƙofofin zumunci tsakaninmu. Fil ɗin shi ne ɗan sakacinmu, wanda ba mu gani domin daga hannunmu ya faɗi. Idan ƙofofi suka rufe, mukan tambayi wanda ya shigo a ƙarshe, ba mu tambayi wanda yake zaune a wurin kullum ba. Zato yana da sauri, bincike yana bukatar tocila da haƙuri. Duk wanda ya yanke hukunci kafin ya leƙa, ya yi shaidar zur, ko da bai kira suna ba.

Amma ga inda raina ya fi ɓaci. Mutumin nan ya gane gaskiya, ya kuwa so ya gyara a ɓoye abin da ya ɓata a fili. Wannan ba tuba ba ce, kare mutuncin kai ne. Allah ba ya karɓar raɗa a madadin shela. Afiniki ba tausayi take nema ba, sunanta take nema, da littafin da aka ƙwace mata.

Saboda haka, wanda ya san ya shafa wa wani baƙi a cikinmu, kada ya je bayan gida. Ya koma inda ya tsaya ran nan, a gaban mutanen da suka ji shi, da muryar da ya yi zargin da ita, ya ce, "Ni ne, ba ita ba." A wannan karon kuwa, ya kira suna.