Yaron da Ba Ya Cin Albasa

Akwai wani yaro a unguwarmu ta Mariabad, nan birnin Kwetta, sunansa Sakhidad. Yana da shekara goma sha biyu ya bi ubansa kasuwar kayan miya. A hanya mutum biyu a kan babur, fuskokinsu a naɗe, suka tare motar da suke ciki. Ba su tambayi sunan kowa ba. Mu 'yan ƙabilar Hazarawa fuskarmu ke tona mu. Direba ba namu ba ne, suka ce ya gudu, suka harbe sauran, har da uban yaron. Sakhidad ya tsira a ƙarƙashin buhunan albasa.

Tun ranar bai ƙara cin albasa ba. In ya ji ƙarar babur sai jikinsa ya hau ɓari. Ya bar makaranta, ya shiga faɗa, kullum da dutse a aljihu. Kakarsa Gulsum ce ke riƙonsa.

Bayan shekara uku, da sanyi, wani mai babur ya tsaya gabansa zai tambayi hanya, ya naɗe fuska kamar yadda kowa ke yi a hunturu. Sakhidad bai jira ba, ya fasa masa kai. Ashe ɗan wani babba ne daga cikin gari.

A ofishin 'yan sanda, a gaban Gulsum aka saki wani ɗan cikin gari da ya soki mutum, wai ƙuruciya ce. Nata kuwa aka ce sai wani dattijon unguwa ya tsaya masa, in ba haka ba gidan yari.

Ta je wurin Haji Ewaz mai shagon dardumai, wanda ake jin maganarsa. Ta roƙe shi ya je ya faɗi abin da yaron ya gani, shi ke nan.

"Iya, marayu nawa ne a unguwar nan? Duk jifa suke yi?" in ji shi. "Tarbiyya ce babu. Ki dubi ɗana Nauroz."

Ya zuba wa baƙinsa shayi, ita bai zuba mata ba. Aka yanke wa Sakhidad shekara biyu.

Ba a rufa shekara ba bam ya tashi a kasuwa, Nauroz yana wurin. Ya dawo ko ƙwarzane babu, sai jinin wani a takalminsa. Bayan wata biyu, aka tsinci wuƙa a jakar makarantarsa.

Ranar Alhamis Gulsum tana zuba ruwa a kabarin ɗanta, sai ga Haji Ewaz.

"Iya, me kike ba naki in abin ya taso masa?"

"Babu magani, Haji. Zama nake kusa da shi har ɓarin ya tsaya. Wani lokaci yini guda."

"Shago fa?"

"Rufe shi. Kai naka yana gida."

Ta ɗauki ƙullin abincinta ta wuce, don ranar ziyarar Sakhidad ce. Abincin gidan yari duk da albasa ake dafa shi, yaron ya zama ƙashi da fata. Sau ɗaya a mako yake ƙoshi.

Darasi: Kafin ka ce ɗan wani ya lalace, tambayi abin da idonsa ya gani, ka tsaya masa tun maganarka tana da amfani. Ku tura wa duk mai ɗa a gida.