Ɓarauniyar Hanya a Kwamfutar Fataken Shanu

Habibullah mutumin Gumel ne. Yana da kai, ya kuma iya kwamfuta tun lokacin da yawancin mutane ba su taɓa ganinta ba. Aibinsa ɗaya ne: ba ya iya jira.

A shekarar 1998 wata ƙungiyar fataken shanu ta ɗauke shi aiki, don sata ta ishe su. Duk wanda aka sace wa dabba, sai ya kawo kamanninta da shaidar jikinta a shigar. Babbar kwamfuta tana ofishin Gumel. Ƙananan da ke Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari suna kiranta ta layin tarho. Ran Alhamis, ba a loda kowane sa a mota a kasuwar Maigatari sai an duba ko na sata ne.

Manhajar da ke tafiyar da babbar, wasu mutane ne a Kaduna suka rubuta ta. Sukan aiko da asalin rubutun a faifai, cikin ambulan mai hatimi, mai aiki ya haɗa shi a injinsa. Suka ce sai bayan mako huɗu. Layya kuwa ta matso, kasuwa ta fara cika. Habibullah ya kasa zaune ya kasa tsaye.

Ana haka sai ga wani Ya'u, mai gyaran injin buga takardu, wanda ke yawan zama a rumfar dillalai. Ya ce ya taɓa aiki da mutanen Kaduna, yana da irin faifan a jaka, kuma ba ya son ko sisi. Habibullah ya karɓa hannu biyu.

Felicia, wadda ke shigar da bayanai, shekararta goma a Gumel, ta tambaye shi ko ya karanta abin da ke ciki.

"Layi dubu huɗu ne, Madam," in ji shi. "In na zauna karatu, sai dai mu buɗe bayan Sallah."

Ta ce kyautar baƙo ce ba ta kwanta mata ba. Ya yi dariya ya ce ita ko ruwa aka ba ta sai ta shinshina. Ranar ya haɗa, washegari aka fara aiki, kowa na yaba masa.

Mako biyu lafiya lau. Sai aka kore wa wani Bafulatani, Bappa, shanu goma sha ɗaya a dajin Gagarawa. Ran Litinin aka shigar da su. Ran Alhamis aka kawo su Maigatari, aka duba, kwamfuta ta ce babu su a cikin na sata, ashe an goge su. Aka loda su suka yi kudu. Da Bappa ya iso, sai sawun taya ya tarar.

Shugaban ƙungiya, Alhaji Ɗantsoho, ya tambayi wa ke riƙe da kalmar sirri ta shiga babbar. Mutum biyu ne: Habibullah da Felicia. Daga nan ofis ya canja. In ɗaya ya tashi, ɗayan ya bi hannunsa da ido. Habibullah ya fara lissafa sau nawa take fita daga ofis, ya lura da sabon takalminta. A kasuwa aka fara cewa ai baƙuwa ce, wa ya san danginta. Tunanin faifan Ya'u ya gifta masa sau ɗaya, ya kawar da shi, don in faifan ne, laifin nasa ne.

Da aka sake goge wasu shanu uku, Alhaji ya kira shi gefe ya ce ko injin zai iya yin haka da kansa.

"Ranka ya daɗe, inji ba ya ƙarya. Hannu ne."

Aka sallami Felicia. Wani dillali ya kira ta ɓarauniya a kasuwa, a bainar jama'a.

Alhamis ta zagayo, aka sake gogewa. Yanzu shi kaɗai ke da kalmar. Ya ga irin kallon da ya yi wa Felicia ana yi masa.

A makon ne ambulan Kaduna ya iso. Ya buga rubutun biyu a takarda, ya jera, ya bi su da rula layi layi, kwana biyu. A tsakiyar na Ya'u ya sami layi goma sha tara da babu su a na asali. Aikinsu ɗaya: duk wanda ya kira layin ya rubuta wata kalma, zai shiga ba tambaya, ya goge abin da ya ga dama, ba ya barin sawu. Ɓarauniyar hanya ce, kuma Habibullah ne ya shigo da ita da hannunsa. Aka nemi Ya'u, aka ce ya tsallaka iyaka.

Ya sami Felicia a tashar Gumel, an riga an ɗaure kayanta a kan mota. Ya durƙusa ya ba ta haƙuri.

"Malam Habibu, ba a nan aka kira ni ɓarauniya ba," in ji ta. "Ka je inda aka faɗa."

Ran Alhamis ya karɓi lasifikar kasuwa, ya wanke ta, ya faɗi nasa laifin, ya ajiye aikin. Mutane da yawa sun ji. Ita ba ta ji ba, tana Kafanchan. Bappa kuwa ko ɗan maraƙi bai dawo masa ba.

Darasin a fili yake. Abin da za ka ɗora amanar jama'a a kansa, ka san daga hannun wa ya fito, ka duba shi ko da zai ci maka kwanaki. In kuma ɓarna ta auku, ka fara bincikar abin da kai ka shigo da shi kafin ka nuna wani da yatsa. Gaggawar Habibullah ta cinye shanun Bappa, gudun laifinsa kuma ya cinye mutuncin wadda ta gargaɗe shi.