Layin da Mazhar Ya Ja a Unguwar Magina

Akwai wani mutum a garinmu na Kot Nizamwala, sunansa Mazhar Gondal. Bai taɓa riƙe muƙami ko na shugaban masu shara ba, amma duk zaɓen da aka yi a garin nan cikin shekara goma sha biyar da hannunsa a ciki. Shi ne mai tsara wa Chaudhry Sarfaraz dabarun zaɓe, wato uban jam'iyyar masu alamar tsani.

Ambaci kowane lungu, Mazhar zai faɗa maka gida nawa ne a ciki, wa ke fushi da wa, da tsohuwar da in ta ce a buga hatimi a kan tsani, jikoki da surukai duk sai sun buga. Yana ji da wannan ilimi nasa ƙwarai. Yakan ce shi in ya shiga unguwa ba mutane yake gani ba, ƙuri'u yake gani suna yawo da takalma.

Abu ɗaya ke cin ransa: ya gaji da ɗora wasu a kujera. Shekararsa arba'in da bakwai, yana son a kira shi Kansila Sahib, wato mai girma Kansila, kafin kansa ya gama fari. Chaudhry ya san wannan, shi ya sa ya ce masa, “Ka raba ni da ciwon kan unguwar magina, tikitin mazaɓa ta huɗu naka ne.”

Unguwar magina tukwane tana gangaren gari, inda babbar kwata ke bi ta fita gonaki. Bangon kwatar ya rushe tun shekara biyu da suka wuce. Da an yi ruwan sama, ƙazantar gari kaf sai ta malale musu hanya. Su kuwa bakinsu ɗaya, kullum masu alamar butar shayi suke zaɓa.

An riga an amince da aikin gyaran. Mazhar ne ya ba Chaudhry shawarar a riƙe shi, sai sun zo sun durƙusa.

Sun kuwa zo, bara kafin damina. Dattijonsu Chacha Siraj, wato Baffa Siraj, shi ne ya jagorance su zuwa zauren Chaudhry. Manya suna kan gadajen igiya suna zuƙar tukunyar taba, su kuma aka bar su a ƙasa.

“Siraj,” in ji Mazhar, ko Chachan bai saka ba, alhali a shekaru mutumin ya haife shi, “abin ai ba wuya. Ku ɗaga hannu mu shafa addu'a a kan tsani, gobe ka ga leburori a ƙofarka.”

A wurinmu in aka ɗaga hannu aka shafa addu'a a kan ƙuri'a, magana ta ƙare, ba ja da baya.

Tsohon ya ce, “Ɗana, mun riga mun shafa da wasu. Kwatar nan kuwa ba ta da jam'iyya. Ruwan wankan gidanku ma ta ƙofata yake wucewa.”

“To ku kai kuka wurin masu buta mana. Su zo da butarsu su kwashe muku ruwan, kofi-kofi.”

Zaure ya ɗauki dariya. Chacha Siraj ya dafa gwiwa ya miƙe, ya yi sallama, suka fita.

Bana aka zo sake shata iyakokin mazaɓu. Jami'in da aka turo baƙo ne, bai san gabas da yamman garin ba, ga zafi, ga lunguna kamar hanji. Mazhar ya zama ɗan jagoransa, ya riƙe masa laima, ya kai masa madara mai sanyi, a ƙarshe ya miƙa masa zane a shirye da ƙidayar gidaje ta ƙarya.

Sai ga unguwar magina ta rabu uku. Wasu an jefa su mazaɓa ta biyu, wasu ta bakwai, ragowar aka bari a ta huɗu, inda ko sun haɗa kai ba za su kayar da kowa ba. Kwatar kuwa ita ya mai da iyaka, don kowane kansila ya ce ba tasa ba ce.

Chaudhry ya duba taswira ya buga masa kafaɗa. “Kai dai shaiɗan ne, Mazhar. Wuƙar likita ma ba ta yanka haka.”

Mazhar ya ji daɗin yabon nan har cikin ƙashinsa. Chacha Siraj ya shigar da ƙorafi, aka sa ranar saurare wata Litinin. Mazhar bai damu ba, don shi kaɗai ya san inda ƙaryar take.

Saura kwana goma sha uku a zauna, damina ta sauka da ƙarfinta. Kwana uku ana ruwa. Ranar Juma'a da hantsi mahaifiyar Mazhar, Masi Naziran, wato Inna Naziran, ta cika.

Wasiyyarta ɗaya ce, ta kuma maimaita masa ita a gaban iyalinsa: a kwantar da ita kusa da mijinta, a tsohuwar maƙabarta. Hanyar tsohuwar maƙabarta kuwa guda ce tak, ta tsakiyar unguwar magina.

Bayan sallar Juma'a aka sallace ta. Aka ɗaura dogayen gora a gadon da take kai, jama'a suka ɗauka, kowa yana matsowa ya ba da kafaɗarsa. Mutane sun taru sosai, don ana hasashen Mazhar ne kansilan gobe.

Suna shan kwanar gangare, tafiya ta tsaya.

Babu hanya. Ruwa ne baƙi wuluk daga bango zuwa bango, ya kai cinya, leda da ruɓaɓɓun abubuwa suna yawo a kai. Wari kuwa sai da mutane suka ja rawani suka toshe hanci. Kowa ya san kwatar tana nan a ƙarƙashi, zurfinta ya fi tsayin mutum, amma ba wanda zai iya nuna inda hanya ta ƙare kwata ta fara.

Masu fararen kaya masu sitaci suka soma ja da baya. Chaudhry ya matso ya yi ƙasa da murya.

“Mazhar, a juya sabuwar maƙabarta. Ƙasa duk ta Allah ce. Ni ka san ciwon gwiwata.”

Mazhar yana riƙe da goran gaba. Ya dubi ruwan, ya dubi likkafanin uwarsa. In ya juya ya karya wasiyya, in ya shiga yana iya jefa uwarsa cikin ƙazanta.

Sai aka buɗe wata ƙofa. Chacha Siraj ya fito, ya naɗe zanensa zuwa ƙugu, ya shiga ruwan yana taɓa ƙasa da sanda. Ya kai wani wuri ya tsaya cak. Wani ya fito ya tsaya gaba da shi kaɗan, wani ya bi. Ba hayaniya, ba mai ba da umarni, kowa kamar ya san gurbinsa. Kafin a jima maza sun fi arba'in a jere tun daga kwana har ƙofar maƙabarta, duk sun juya wa kwata baya.

“Ku biyo ta gabanmu,” in ji tsohon. “Kada wanda ya taka bayanmu. Ku tafi a hankali, ku riƙe ta daidai.”

Mazhar ya sa ƙafa. 'Yan'uwa da wasu tsiraru suka biyo shi, sauran suka tsaya a tudu suna kallo.

Duk wanda aka zo wucewa ta gabansa sai ya miƙo hannu ya tallafi gadon, yana kalmar shahada, har ya miƙa wa na gaba. Mazhar ya san kowace fuska. Wannan da hannunsa ya jefa shi mazaɓa ta biyu. Na kusa da shi ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi kuma yana ta bakwai. A kan layin da ya ja da jan biro suke tsaye, ƙazanta har cinya, suna kare masa uwa.

Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba. Hawayen da yake yi mutane sun ɗauka na rashi ne kawai. Shi ya san rabinsu na ganin kansa ne.

An rufe Masi Naziran kusa da mijinta kafin la'asar.

Ranar addu'ar uku Chaudhry ya zo da kayansa fes. Bayan an shafa ya ja Mazhar gefe. “Allah Ya jiƙan Masi. Amma kar baƙin ciki ya mantar da kai zaman Litinin ta sama. Ka lallaɓa tsohon nan ya janye ƙorafinsa, ka ga yanzu zuciyarsa ta yi laushi.”

Kun san hali ba ya fita a kwana uku. Washegari da safe Mazhar ya nufi gidan Chacha Siraj da godiya a baki, da tayi a aljihu: a janye ƙorafi, shi kuma da ya hau kujera kwata ce aikinsa na farko. Har yana ganin hakan alheri ne.

Ya same shi a tsakar gida yana cuɗa yumɓu. Tsohon ya jawo masa gado, ya sa aka kawo shayi.

“Chacha,” in ji Mazhar, yau an samu Chachan, “ban san da bakin da zan gode muku ba. Amma abin ya ba ni mamaki. Wa ya koya muku wannan jeri? Kowa ya san inda zai tsaya.”

Tsohon ya ci gaba da cuɗa yumɓunsa.

“Hajran ce ta koya mana.”

“Wace Hajran?”

“Matata. Bara ta rasu, a irin wannan ruwa, wata biyu bayan mun zo zaurenku. Mu goma sha ɗaya muka ɗauke ta. Na gaban hagu ya taka gefen kwata, gado ya karkace.”

Ya goge hannunsa a zane.

“Da hannun nan na tsamo ta, ɗana. Muka dawo da ita gida, mata suka sake mata wanka, muka sake likkafani. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, ba ta yarda ko ƙura ta kwana a mayafinta. Tun ranar muka yi alkawari, ba gawar da za ta ƙara faɗawa a wurin nan, ko ta wace ce.”

Mazhar ya ajiye kofin. Shi da yake taƙamar ya san kowane gida, abin da ya sani game da Hajran shi ne ƙuri'a ɗaya ta ragu wa masu buta. Ya tuna har ya soke sunanta a takardarsa.

“Ka zo da wata magana ne?” in ji tsohon.

“A'a, Chacha. Babu.”

Ranar Litinin ofishin zaɓe ya cika. Chaudhry yana kujerar gaba da lauyansa. Da aka kira Mazhar ya kare zanen, sai ya miƙe ya ce ƙidayar gidajen ƙarya ce, shi ya shirya ta, kuma shi ya sa aka riƙe aikin kwata. Ya faɗi haka kansa a sunkuye, muryarsa da ƙyar take fita, har jami'in ya ce ya maimaita. Ya maimaita.

Aka mayar da unguwar magina dunƙule guda. Tikitin mazaɓa ta huɗu kuwa ko sati ba a yi ba Chaudhry ya ba surukinsa. Zauren da Mazhar ya yi shekara goma sha biyar yana zama, yanzu ko sallamarsa ba a amsawa.

A bakin ofishin, ranar, Mazhar ya tari Chacha Siraj ya kama hannunsa da hannu biyu.

“Chacha, ka yafe mini.”

Tsohon ya dube shi, ba fushi a fuskarsa, ba kuma murmushi.

“Nawa na yafe tun tuni. Na Hajran kuwa ba ni da ikon yafe shi. Tana nan layi biyu daga kabarin mahaifiyarka, sai ka je ka faɗa mata.”

Duk Alhamis da yamma za ka ga Mazhar ya bi ta unguwar magina da tulun ruwa biyu, zai yayyafa wa kabari biyu, na mahaifiyarsa da na Hajran. Mutanen unguwar suna gaishe shi, yana amsawa, amma har yau bai iya ɗaga ido ya dube su ba.

Darasi: Kada ka hana mutane haƙƙinsu don ba su zaɓe ka ba. Hanya, ruwa da kwata na kowa ne, kuma wanda ka mayar lamba a takarda mutum ne mai rai da iyali, wata rana shi zai tsaya maka inda naka suka ja da baya. Akwai cutar da ko ka tuba ba za ka sami wanda ka cuta ka roƙe shi ba. Tura wannan labari ga duk wanda ka san yana kusa da masu mulki, ko yana neman kujera.